Darasi: Yadda Ake Ajiye Amsar Manhaja a Fayil na Zallar Rubutu

Akwai manhajojin da ba a latsa su da linzami. A baƙin allon nan na Windows mai suna Command Prompt ake rubuta musu umarni, su kuma su zubo amsa layi bayan layi. Da an rufe allon, amsar ta tafi ke nan. Wasu kan ɗauki hotonsa da waya, amma hoto ba ya kama layukan da suka riga suka haura sama, ba a kuma iya neman kalma a cikinsa. Abin da ya fi shi ne a karkatar da amsar, yadda manomin rani ke karkatar da ruwa zuwa fangalin da yake so, ta faɗa cikin fayil mai ƙarewa da .txt. Irin wannan fayil haruffa ne zalla, ba launi ba ado, ba shi da nauyi, kuma kowace kwamfuta na iya buɗe shi.

Ku fara da buɗe foldar da kuke son fayil ɗin ya zauna. A dogon gurbin da ke sama, inda adireshin foldar yake, ku goge abin da ke ciki, ku rubuta cmd, ku danna Enter. Baƙin allon zai buɗe a cikin wannan foldar, don haka ba sai an sha wahalar neman fayil ɗin daga baya ba.

Yanzu ku rubuta dir ku danna Enter. Sunayen duk fayilolin foldar za su fito. Sai ku sake rubutawa kamar haka:

dir > jeri.txt

Wannan karon ba abin da zai fito a allo. Kada hankalinku ya tashi, shirun nan alama ce cewa amsar ta shiga fayil. Don ku tabbatar, ku rubuta notepad jeri.txt, fayil ɗin zai buɗe a Notepad, manhajar rubutu ta Windows. Alamar > tana kan maɓalli ɗaya da aya, ana samun ta idan an riƙe Shift. A kibod na Faransanci, irin wanda aka fi samu a Nijar da Chadi, tana kan maɓallin da ke jikin Shift na hagu.

Haka ake yi wa sauran umarni. Idan mai gyara ya nemi bayanin intanet na kwamfutarku, ipconfig /all > bayani.txt zai tattara shi, sai ku tura masa ta WhatsApp.

A nan ne ake bukatar natsuwa. Alamar > guda ɗaya ba ta neman izini. Idan akwai tsohon fayil mai wannan sunan, za ta share abin da ke cikinsa kaf, kuma ba za a same shi a kwandon shara ba. Sharewar ma tun kafin umarnin ya fara aiki take faruwa. Ko da kuskure kuka yi, kuka rubuta dri maimakon dir, tsohon rubutun ya riga ya salwanta, fayil ɗin ya koma fanko. Saboda haka ne ba a karanta fayil a kuma zuba amsar a cikinsa a umarni guda: sort jeri.txt > jeri.txt ba zai jera komai ba. A ba sabon fayil wani suna dabam.

Idan ƙari kuke so a ƙarƙashin tsohon rubutu, alama biyu ake sawa:

date /t >> jeri.txt
dir >> jeri.txt

Layin farko zai sa kwanan wata, na biyu ya biyo da jerin. Mai koyo ya fi kyau ya saba da >> tun farko, ya riƙa amfani da > sai in ya tabbata share tsohon yake so.

Wani lokaci kuma saƙon kuskure kan fito a allo duk da an sa alamar. Dalili shi ne hanya biyu manhaja ke fitar da rubutu: lamba 1 ta amsa ce, lamba 2 ta koke. Alamar > hanya ta 1 kaɗai take kamawa, alhali mai gyara koken ya fi bukata. Don a haɗa su wuri ɗaya, sai a ƙara 2>&1 a ƙarshen layin, bayan sunan fayil, ba kafinsa ba:

dir hotuna > jeri.txt 2>&1

Sai batun haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Idan sunan wani fayil na ɗauke da su, mai yiwuwa ku buɗe jerin ku tarar da alamar tambaya a gurbinsu, domin tsohon tsarin haruffan da allon ke farawa da shi bai san su ba. Kafin ku ba da umarnin, ku rubuta chcp 65001. Wannan zai mayar da allon kan tsarin UTF-8, wanda ya ƙunshi haruffan Hausa duka. Ana maimaita shi duk lokacin da aka buɗe sabon allo.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Sunan fayil mai tazara a tsakani sai an kewaye shi da alamar zance, kamar "jerin kaya.txt", in ba haka ba kalmar farko kaɗai za ta zama sunan. Saƙon Access is denied na nufin ba ku da izinin rubutu a wannan foldar, sai ku koma taku. Idan kuma allon ya yi tsit ya ƙi dawowa, ta yiwu manhajar tambaya ta yi, tambayar ta shige fayil, tana zaman jiran amsa. Ku riƙe Ctrl ku danna C ta tsaya, sannan ku gudanar da ita ba tare da alamar ba don ku ga abin da take nema.

Aikin yi: ku buɗe sabuwar folda, ku sa fayiloli 3, ɗaya sunansa ƙasa.txt. Ku ajiye jerinsu sau biyu, kafin chcp 65001 da bayansa, da sunaye dabam-dabam, ku gwada su a Notepad.