Yadda ake gasa kaza irin ta ɗaliban jami'ar Cornell

A jami'ar Cornell da ke garin Ithaca a jihar New York ta Amurka, duk watan Mayu idan an gama lakcoci kafin a shiga jarrabawa, ɗalibai suna cika wani gangaren ciyawa da ake kira Libe Slope su yi shagali, sunan bikin Slope Day. Ya samo asali ne daga Spring Day da aka fara tun 1901, sai a ƙarshen shekarun 1970 ya koma kan gangaren nan inda sashen abinci na makarantar yake gasa wa ɗalibai kaji. Yanzu kiɗa ya fi yawa, akwai kuma shaye-shaye wanda ni ba ya burge ni ko kaɗan, abin da nake so mu ɗauko shi ne gashin kazar da sunan jami'ar ya bi.

Wani malaminsu na fannin kiwon kaji, Farfesa Robert C. Baker, shi ya fitar da haɗin a wata ƴar takardar wayar da kai a 1950, so yake mutane su riƙa cin kaza sosai masu kiwo su samu kasuwa. Har yau a yankin idan za a yi taron tara kuɗi wannan kazar ake gasawa.

To ga haɗin, na kaza biyar ne da aka tsaga kowacce gida biyu: man gyaɗa kofi 1, ruwan khal na tuffa kofi 2, gishiri babban cokali 3, masoro rabin ƙaramin cokali, ƙwai 1, sai garin ganyen ƙamshi na kaza babban cokali 1. Wannan na ƙarshen idan babu a kantin unguwarku kada ki damu, busasshen tayim da ɗan rosmeri sun wadatar. Gishirin ni ina ganin ya ɗan yi yawa, cokali 2 ma ya yi musamman idan akwai mai hawan jini a gidan.

Ki fara kaɗa ƙwan shi kaɗai sai ya yi kumfa, sannan ki riƙa zuba mai kaɗan-kaɗan kina kaɗawa ba tsayawa har ya yi kauri, daga nan ki zuba khal da sauran. Don Allah kada a juye komai lokaci guda, ƙwan nan aikinsa ya riƙe mai da khal su zama abu ɗaya su manne a fatar kaza, in aka yi gaggawa za ki ga mai ya taso sama yana yawo, kina shafawa yana zubewa cikin wuta. Kazar gidan gona za ki nema matsakaiciya, ta Hausa tana da daɗi amma za ta bushe kafin ta yi laushi. In da lokaci ki jiƙa ta cikin rabin haɗin a firij na awa biyu zuwa uku, ɗaya rabin ki ajiye daban don shafawa, wanda ɗanyar kaza ta kwanta ciki kuwa a zubar.

Wuta ce babbar magana, nan mutane suke ɓata abin. Can bulo suke jerawa su yi dogon murhu, ragar tana sama da garwashi kusan ƙafa biyu, kuma ba a ɗora kaza sai harshen wuta ya mutu gawayi ya yi farin toka a kai. Kin ga yadda mai tsire yake kafa tsinkensa nesa da wuta ya bar zafi ya yi aiki a hankali, to haka. Ki fara ɗora ɓangaren ƙashi a ƙasa, duk bayan minti biyar zuwa goma ki juya ki shafa da buroshi, da farko sama-sama, can wajen ƙarshe ki shafa da yawa. Idan mai ya ɗiga wuta ta tashi ki janye kazar gefe ko ki yayyafa ruwa kaɗan, kada ki tsaya kallo. Tunda babu suga babu tumatir a haɗin, fatar ba ta saurin ƙonewa, za ki ga tana yin ja a hankali tana ƙyalli, ƙamshin khal ɗin da ya fara hawa hanci ya lafa ya koma na gashi.

Wajen awa ɗaya take ɗauka. Ki kama ƙashin cinya ki murɗa, in ya juya ba gardama ta nuna, mai na'urar auna zafi kuma ya duba ta kai 74 a ma'aunin Selshiyos. Shafawar ƙarshe a bar ta ta samu minti biyar a kan wuta saboda ɗanyen ƙwai. Yaji a ajiye shi gefe a faranti, kada a barbaɗa tun a kan raga, ku ɗanɗana ta haka nan tukuna, mai so sai ya dangwala.