Yadda ake haɗa zanen barkwanci mai motsi kan yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa

Ku fara ɗaukar murya, zane ya biyo baya, in ba haka ba leɓe da magana ba za su haɗu ba. A Maradi bayan isha'i ya fi, lokacin da ƙarar kabu-kabu ta lafa.

Zane 12 ya ishi daƙiƙa guda, wato 720 a minti ɗaya, don haka kada shirin farko ya wuce minti biyu. Krita da Blender, manhajojin zane a kwamfuta, kyauta ne. Ku tanadi siffar baki shida, leɓe ya rufe a kan m da b, domin nan mai kallo yake saurin gane kuskure.

Ɗan takarar kuwa, ku ƙirƙire shi, har jam'iyyarsa da launinta. Rabon atamfa da alƙawuran da ake zubawa a fada sun isa abin dariya. Fuskar mutumin gaske tana iya jawo ƙarar ɓata suna.