Kurakuran da masu asma suka fi yi da magungunansu

Duk shekara idan hazo ya sauka a Gombe, daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Fabrairu, sai a fara yi mini sallama a ƙofar gida, domin an san na haura shekara ashirin ina fama da asma. Wani ɗansa ne likita ya ce yana da ita, wani matarsa ce ta kwana a zaune ƙirji yana kuka. Ni malamin makaranta ne, amma ciwon ya tilasta mini karanta abin da masu bincike suka gano a kan magungunansa. Abin da ya gajiyar da ni shi ne masu zuwa suna canjawa amma kurakuran suna nan yadda suke, kuma biyu mafi muni daga cikinsu ni kaina na yi su.

Babban kuskure shi ne auna magani da sauƙin da aka ji nan take. Abu biyu ne ke faruwa a huhun mai asma: bangon hanyoyin iska yana kumbura a hankali yana tara majina, sannan naman da ke kewaye da hanyoyin yana tsukewa farat ɗaya idan ƙura ko sanyi ko hayaƙi ya taɓa shi. Shuɗiyar inhela, wato salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, tsukewar kawai take saki. Cikin 'yan mintoci mutum zai ji iska ta shiga, bayan awa huɗu zuwa shida aikinta ya ƙare, kumburin kuma yana nan bai motsa ba. Inhelar rigakafi mai ɗauke da siteroid, irin su beklometason da budesonaid, wadda galibi take zuwa da launin ruwan ƙasa, ita ce ke kwantar da kumburin, amma sai an yi kwanaki ko makonni ana shaƙa kafin a ga bambanci, kuma ba a jin komai a lokacin da aka fesa ta.

Da aka fara ba ni su biyun, na yi kwana goma ina amfani da ta rigakafin, ban ji ta yi mini komai ba, sai na jefa ta a durowa na rungumi shuɗiyar. Ɗaya a aljihun riga, ɗaya ƙarƙashin matashin kai, kusan kowane wata sai na sayi sabuwa a kemis, ina ganin ai na iya da ciwona. Wani dare a watan Janairu na fesa, na sake fesawa har na daina ƙirgawa, numfashi ya ƙi dawowa. Maƙwabcina ne ya ɗauke ni a mota wajen ƙarfe biyu na dare, matata da tsohon ciki tana riƙe da kaina. Kwana huɗu na yi a gadon asibiti ana sa mini iskar oksijin, kuma sai da na sayar da babur ɗina kafin na biya bashin da ya hau kaina. Ranar da za a sallame ni likitar ta tambaye ni, "Malam, shuɗiya nawa ka ƙarar a shekarar nan?" Na ce sun fi goma. Ta dube ni ta ce, "Allah ne ya yi da sauran kwananka."

Daga baya na gane ba tsoratarwa take yi ba. A shekarar 2014 an fitar da rahoto a Birtaniya bayan an bi diddigin mutum 195 da asma ta kashe, aka tarar kashi 39 cikin ɗari an rubuta musu shuɗiyar inhela fiye da 12 a shekararsu ta ƙarshe, kuma da yawa ba su karɓi ta rigakafi yadda ya kamata ba. Wani bincike a Suwidin da ya duba bayanan masu asma sama da 360,000, wanda aka buga a 2020, ya nuna haɗarin mummunan tashin ciwo da na mutuwa yana fara hawa daga inhela uku a shekara. Tun a 2000 kuma binciken da ya bi mutum fiye da 30,000 a wani lardi na Kanada ya gano cewa kowace inhelar rigakafi da mutum ya ƙara amfani da ita a shekara tana tafiya da raguwar haɗarin mutuwa da kusan kashi 21 cikin ɗari. Irin waɗannan hujjoji ne suka sa kwamitin masana na duniya da ake kira GINA ya sanar a 2019 cewa bai ƙara yarda a bar baligi ko matashi a kan shuɗiya ita kaɗai ba, ko da ciwonsa mai sauƙi ne. Shekara guda kafin nan wani gwaji da ake kira SYGMA na farko, mai mutum kusan 3,800, ya nuna cewa inhelar da ta haɗa budesonaid da fomoterol, wanda shi ma maganin buɗe ƙirji ne, idan ana shaƙarta lokacin buƙata, tana rage mummunan tashin ciwo da kusan kashi biyu cikin uku idan aka kwatanta da mai buɗe ƙirji kawai. Na san wannan haɗin, irin su Symbicort, yana da tsada a wajen mai ƙaramin albashi, amma beklometason ta fi sauƙin kuɗi, kuma ko nawa take ba ta kai kuɗin babur ba.

Dabarata ba ta littafi ba ce. Ina ajiye inhelar rigakafi kusa da buta, ina shaƙa kafin alwalar asuba da kafin alwalar isha'i, don haka ba na mantawa, kuma kurkurar baki tana wanke ragowar maganin da kan jawo farin ƙuraje a baki da dishewar murya. Kowace shuɗiya kuwa ina rubuta mata ranar da na buɗe ta da biro a kan kwalinta. Feshi 200 ke cikinta, idan na ga ta ƙare kafin wata huɗu, asibiti nake komawa, ba kemis ba.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin bayan duk wannan wahalar na yi shi. A asibiti an ba ni ƙwayar firednisolon, wadda ita ma siteroid ce amma ta haɗiya, ta kwana biyar, na ga yadda ta buɗe mini ƙirji, sai na ci gaba da saye da kaina har kusan wata biyar, mai kemis bai taɓa tambayata takardar likita ba. Fuskata ta kumbura, mutane suna cewa hutu ya karɓe ni, alhali sukarin jinina ne yake hawa. Bincike ya tabbatar da amfanin wannan ƙwayar idan ciwo ya tashi da ƙarfi, ta kwana biyar zuwa bakwai ga babba, uku zuwa biyar ga yaro, domin tana rage komawa asibiti. Shan ta wata da watanni kuwa yana jawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi da yanar ido, kuma wanda ya daɗe a kanta bai kamata ya tsayar da ita rana ɗaya ba sai likita ya rage masa a hankali. Haka deksametason take, kuma ita ce sau da yawa ƙaramar ƙwayar nan da ake sakawa cikin haɗin da ake ƙulle wa mutane a leda. Abin takaici, iyayen da suke cewa ba za a bai wa ɗansu inhela ba don kada ya saba da ita, su ne suke ɗura masa wannan haɗin. Ku ji tsoron Allah! Abin da ke cikin feshin inhela ɗan mitsitsi ne kuma huhu yake tafiya kai tsaye, ƙwayar kuwa duk jiki take zagawa. A Amurka da Kanada an bi yara fiye da 1,000, wasu daga cikinsu sun yi shekara huɗu zuwa shida suna shaƙar budesonaid kullum, da suka girma aka auna su, tsawonsu ya gaza na sauran da kusan santimita 1.2 kacal. Inhela ba ta sa sabo. Ciwon ne mai daɗewa, shi ya sa maganin yake daɗewa.

Akwai kuma dogaro da shaidar "wane ya sha ya warke", wadda masu lasifika a ranar kasuwa suke cin abinci da ita. A 2011 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Boston da mutum 46, ana ba su inhela ta gaskiya wata rana, wata rana kuma ta bogi da babu magani a ciki. Da aka tambaye su, sun ce sun ji sauƙin kashi 50 cikin ɗari da ta gaskiyar, kashi 45 da ta bogin, wato kusan ɗaya. Da aka sa su hura na'urar awon numfashi, ta gaskiyar ta ƙara ƙarfin huhu da kashi 20, ta bogin kashi 7 kawai. Mutum zai iya rantsuwa ya ji sauƙi, kuma ba ƙarya yake yi ba, amma huhunsa a toshe yake. Ga shi asma ciwo ne mai tashi da kwanciya, wanda ya fara shan jiƙo a ƙarshen hunturu zai ga sauƙi idan hazo ya ɗauke, sai ya yaba wa jiƙon.

Da yawan masu cewa inhela ba ta yi musu aiki fesa ta suke yi a kan harshe. A girgiza ta, a fitar da numfashi, a danna sau ɗaya daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, sannan a riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma. Yaro da tsoho ba sa iya haɗa dannawa da jan iska, don haka ni gorar ruwa ta roba mai rabin lita nake huda wa gindi daidai bakin inhela, in toshe gefen sosai, a fesa a ciki a shaƙa ta bakin gorar. Ba ƙirƙirata ba ce, a Afirka ta Kudu aka gwada ta a kan yara aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1999, kuma ta yi aiki daidai da wadda kamfani ya ƙera. Gwaje-gwaje da dama sun kuma nuna cewa inhela da irin wannan gora ba ta gaza na'urar nebulaiza, wato wadda ke mayar da magani tururi a shaƙa a asibiti, ba a yawancin tashin ciwo.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoksisilin, ba ya maganin asma, haka ma maganin tari na kwalba. Salbutamol na haɗiya ya fi na shaƙa jinkiri, ya kuma fi shi sa rawar hannu da bugun zuciya. Salmeterol, mai buɗe ƙirji na dogon lokaci, ba a shaƙarsa shi kaɗai sai tare da siteroid. Montelukas, maganin rigakafin asma na haɗiya, bai kai inhelar rigakafi ƙarfi ba, kuma a 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ɗora masa gargaɗi mafi tsanani a kan munanan mafarkai da canjin hali, don haka a sa ido a kan yaron da ke sha. Asfirin da ibufurofen da diklofenak suna tayar wa wasu da ciwo. Mai ciki kada ta ajiye inhelarta. Da azumi ni da sahur da buɗa-baki nake shaƙar ta rigakafi. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da hayaƙin icce kuwa na hana su shiga ɗakin kwanana tun daren nan da aka kai ni asibiti.

Kuskuren da ba a samun damar gyarawa shi ne jiran gari ya waye. Idan mai asma ya kasa ƙarasa magana ba tare da ya tsaya jan numfashi ba, ko leɓɓansa suka canja launi, ko yaro ya kasa shan nono haƙarƙarinsa suna lotsawa, ko shuɗiyar ta daina yin tasiri, a zaunar da shi a miƙe, a ba shi feshi ɗaya-ɗaya ta gora har zuwa goma, a kama hanyar asibiti a lokacin, ana ci gaba da ba shi a cikin mota.