Kafin ka kai dosiye: shawarata ga mai son aikin koyarwa a Damagaram

Duk shekara da sakamakon bak ya fito, zauren gidana a Birni ba ya rabuwa da baƙi. Ƴaƴan ƙannena ne, da na maƙwabta, da waɗanda na kama wa hannu suka fara rubutu a CI, ajin farko na firamare. Tambayarsu guda ce: "Mushe, koyarwa nake so, wace makaranta zan shiga?" Ni kuwa sai in mayar masu da tawa: wane aji kake ganin kanka a tsaye gabansa? Yawancinsu a nan suke yin shiru.

To daga nan za ka fara. Je ka roƙi daraktan wata firamare, a Garin Malam ko Kara-Kara, ya bar ka ka zauna bayan aji na sati guda. Ka nemi aji na zana, lokacin zafi, inda yara suke zaune a ƙasa, wani na kuka wani na neman fita fitsari. Sati na biyu ka je CEG, wato kolej, ka ga ƴan shekara goma sha huɗu masu ji da kansu. In ka gama, ba sai kowa ya faɗa maka wanda za ka iya da shi ba. Na ga haziƙai a lissafi da ɗan CI ya sa su zufa cikin awa ɗaya.

In ƙananan ne suka kwanta maka a rai, hanyarka ENI ce, makarantar horon malaman firamare. Muna da Askia Mohamed a nan cikin gari, akwai kuma wata a Magarya. Takardar da ake fita da ita CFEEN ce. A zamaninmu da birbe ma ana shiga. Yanzu an karkata ga masu bak, don haka karanta sanarwar kwankur, wato jarrabawar shiga, ta bana da idonka, kada ka dogara da abin da yayanka ya yi shekara goma baya. Shirin kwankur kuwa faransanci ne da lissafin firamare, kuma nan masu bak suke raina abin har ya kayar da su. Samo littattafan CM2, ajin ƙarshe na firamare, ka sa wani ya riƙa yi maka shifta kullum da yamma, ka koma kan raba lamba da hannu ba da waya ba. Ban manta 2017 ba, da gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa a faɗin ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka kai rabin maki. Abokan aikina ne wasunsu, mutanen kirki, an dai tura su aji ne ba tare da horo ba. Ka kuma riƙe hausarka da kyau, ka koyi rubuta ta daidai da ɓ da ɗ da ƙ. Kundin sake gina ƙasa da aka kafa a 2025 ya sa hausa ta zama harshen ƙasa, kuma tun kafin nan ma duk wanda ya riƙe CI a ƙauye ya san da wane harshe yaro yake fara ganewa.

In sakandare kake so, sai ka zaɓi fanni tukuna. Jami'ar André Salifou tana nan kusa, lisans shekara 3 ce, kana kwana gidanku kana cin tuwon innarka, kuma tana da sashen ilimin koyarwa. Ɗaya hanyar ita ce ENS, babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, mai ba da DAP/CEG ga malaman kolej da CAPES ga na lise. Yamai fa kusan kilomita 900 ce daga nan. Zauna da mahaifinka ku yi lissafin mota, ɗaki da abinci na shekara, kamar babu burs. In ta samu, alhamdu lillahi. Ra'ayina, wanda ba kowa ke so ba: in kana da ƙarfi a lissafi ko fizik, kada ka gudu zuwa fannin da abokanka suka cika. Malaman kimiyya ne ake nema ido rufe a Tanut, Gure da Dungas. Masu faranko-arab kuma su duba Jami'ar Musulunci ta Say.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Makarantun horon malamai masu zaman kansu sun yi yawa, wasu na ƙwarai ne, wasu allo ne kawai a bakin titi da fenti mai kyau. Ɗiyar ƙanwata ta yi shekara biyu a wata, ba zan kama suna ba. Uwarta ta sayar da tumakinta biyu da ɗan kunnen aurenta. Ranar da yarinyar ta kai takardarta wurin ɗaukar aiki, aka juya ta gaba da baya aka miƙo mata, wai ba a san da ita ba. Har yau in muka haɗu a biki, ƙanwata ba ta ɗaga maganar, ni ma ba na ɗagawa, don ni ne ban bincika ba. Saboda haka kafin ka biya ko dala, ka ce su nuna maka takardar izinin gwamnati, mai lamba da kwanan wata. Ka ɗauki hotonta, ka kai ofishin ilimi na jiha ka tambaya: wanda ya gama nan, jarrabawar ƙasa yake zaunawa ko tasu ta cikin gida? Sannan ka ce su faɗa maka makarantun da ɗalibansu suke zuwa gwajin koyarwa, ka je ka tambayi daraktan can. Wanda ya fara yi maka kwana-kwana a kan waɗannan, ka yi masa sai an jima.

Haka masu tsallakawa Kano ko Katsina su yi NCE, takardar koyarwa ta Najeriya. Karatu ne na gaske, amma da turancin Ingilishi, kuma in ka dawo sai an daidaita takardar da ta Nijar. Tambayi yadda ake daidaitawar kafin ka hau mota.

Kada kuma ka ɗauka fita makaranta shi ne samun matirkil, lambar cikakken ma'aikacin gwamnati. Da yawa da kwantaragi suke farawa, a ƙauyen da ba su taɓa jin sunansa ba, kuma masu lisans suna bi ta sabis sibik, wato aikin bautar ƙasa. Wanda zai yi aure bana ya sa wannan a lissafi.

Sauran magana ta takardu ce. Jera takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, birbe da bak a kan tabarma, ka duba suna harafi bayan harafi. Mahamadou a nan, Mamadou a can, ya isa a mayar maka da dosiye, gyaransa a kotu kuma ba aikin kwana ɗaya ba ne. Takardar kotu mai shaida ba ka da laifi wata uku take yi, kada ka karɓe ta da wuri ta mutu a aljihunka. Kofin da za a buga wa hatimi ka yi su biyu-biyu, ka ba innarka saiti ɗaya ta sa a ƙasan akwatinta.