Yadda za ka tara tsofaffin takardu da kwalaye a gida ka ci moriyarsu

A garuruwa da yawa na Turai da Amurka, kowane gida yana da kwandon takarda daban. Ranar da aka tsayar sai a fito da shi bakin titi, mota ta kwashe ta kai masana'anta. A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa babu wannan motar. Hukumomin tsafta irin su REMASAB a Kano da JISEPA a Jigawa aikinsu ya fi yawa a cikin birane. Amma takarda ba ta fasa shigowa gidajenmu ba: katin ɗaurin aure, fastocin 'yan siyasa, takardar tallan maganin basir da ake cusa maka a tasha, littattafan yara da suka cika, kwalin taliya, kwalin sabulu, rasit ɗin POS. Yawancinmu tarawa muke da leda mu cinna wuta a bayan gida, ko akuya ta riga mu.

Takarda tana da masu saye, amma busasshiya, wadda aka ware. Ga yadda ake yi.

Da farko ka sami wurin ajiya. Buhu uku sun isa, tsofaffin buhunan taki ko na shinkafa da aka wanke suka bushe. Rataye su a zaure ko a ɗakin ajiya, inda rufi ba ya yoyo. Kada ka jingina su da bangon ƙasa, kada kuma ka ajiye a daɓe, don gara ba ta da abinci kamar kwali. Ka yi nesa da madafa da fitilar aci-balbal.

Kafin komai ya shiga buhu, sai ka tsame duk takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani, hadisi ko sunan Allah. Nan ne mutane suke sakaci ba da gangan ba. Kowa ya san ba a jefar da warƙar Alƙur'ani, amma katin gayyata fa? Mafi yawansu da Bismillah suke farawa. Haka kalandar da ake rabawa da hoton Ka'aba, da littattafan Islamiyya na yara, da takardar sanarwar wa'azi ko ta Mauludi. Waɗannan ba na sayarwa ba ne, ba kuma na naɗe ƙosai ba. Tara su a leda mai tsabta a sama. Idan sun taru, malamai sun yi bayanin a ƙona su a wuri mai tsarki a binne tokar, ko a binne su inda ba a takawa. Masu cewa a ƙona suna kafa hujja da abin da Sayyidina Usmanu ya yi da sauran rubuce-rubucen bayan an haɗa Mus'hafi guda. In kana da shakka, limamin garinku yana kusa.

Sai masu sirri. Ka taɓa sayen awara ka ga an naɗe maka ita a kwafin katin NIN na wani bawan Allah, ga hotonsa, ga lambarsa, mai ya jiƙa rabin fuskar? Daga shara irin tamu take fitowa. Duk takardar da ke da lambar NIN ko BVN, lambar asusun banki ko sakamakon gwajin asibiti, yayyaga ta ƙanana ka jiƙa a bokiti har rubutun ya narke. A wannan zaman ne kuma za ka duba kada a yi ɓarna: takardar gona, shaidar haihuwa, katin rigakafin yara da sakamakon WAEC ko NECO sukan ɓuya cikin tsofaffin littattafai. Shi ya sa ba a barin yara su kaɗai su yi wannan aikin.

Akwai kuma masu kama da takarda amma masana'anta ba ta so. Rasit ɗin POS na ciki. In ka karce shi da farce za ka ga baƙin layi ya fito, saboda sinadarin da aka shafa masa, sau da yawa wanda ake kira BPA. Kada ka sa shi a taki, kada ka bar yaro ya tauna. Kwalin lemo ko na madara mai ƙyalli a ciki, takardar da mai ya jiƙa, da katin da aka lulluɓe da leda duk a gefe suke. Gwajin mai sauƙi ne: yaga. In ta yage salin-alin takarda ce, in ta miƙe kamar danƙo akwai leda a jikinta.

Yanzu ka raba abin da ya rage gida uku. Kwali daban. Farar takarda, wato cikin littafin rubutu da takardun ofis da na jarrabawa, daban, don ita ta fi daraja. Jarida, fastoci da tarkacen talla su tafi buhu na uku. Kafin ka zuba littattafan yara, duba ƙarshensu. Da wuya ka sami wanda aka cike shi kaf. Ciro fararen shafukan, ka haɗa ashirin ko talatin, ka ɗinke da zare da allura, ka yi masa bango da kwalin sabulu. Ya ishi ɗan firamare yin lissafi na zango guda.

Kwali kuwa a buɗe shi ta ƙasa, a ɓare salatif, a cire ƙarfen da aka maƙale shi da shi, a shimfiɗe, a jera manya a ƙasa ƙanana a sama, a ɗaure da igiya gicciye. Wasu sukan yayyafa ruwa wai don ya yi nauyi a sikeli. Ban da haramcin algus, dillalai sun san wannan dabarar tun kafin a haife mu: hannu ɗaya zai cusa a tsakiya, ya ji sanyi, ya zaftare kuɗin. Jiƙaƙƙen kwali kuma fumfuna yake yi cikin 'yan kwanaki.

Da kilo ake saye, kuma gaskiya kuɗin ba yawa. Takardar gida ɗaya ba za ta biya kuɗin mota ba. Dabarar ita ce haɗuwa: gidaje biyar ko goma, da mai shagon unguwa wanda kullum kwali ke taruwar masa, da makarantar gari a ƙarshen zango. In kaya ya cika kurkura, sai a yi magana da 'yan gwangwan da ke zagayawa, ko a kai ranar kasuwa, kamar Juma'a a Wudil ko Alhamis a Maigatari. Ba kowane ɗan gwangwan ne ke karɓar takarda ba, wasu ƙarfe da roba kawai suke so, don haka a tambaya kafin a yi lodi. A ji farashin mutum biyu ko uku, kuma a tsaya a kan sikeli lokacin awo.

Daga hannunsu kayan yakan wuce masana'antu, a jiƙa a dama ya zama kamar kunu, a sake fitar da kwali, tishu da kiret ɗin ƙwai. Kamfanin takarda na Jebba a jihar Kwara yana cikin masu aiki da tsohuwar takarda. Zaren da ke jikin takarda yana gajarcewa duk sa'ad da aka sake sarrafa ta, ana ƙiyasta sau biyar zuwa bakwai yake jurewa. Kiret ɗin ƙwai kusan zangonsa na ƙarshe ke nan.

Masu tsire da masu ƙosai ma suna saye, kuma sun fi kusa. Sai dai abinci mai zafi da maiƙo yana jan tawada. A Indiya hukumar kula da abinci ta hana naɗe abinci a jarida saboda haka. In za ka ba su, ba su farar da babu bugu a jikinta. Jarida ta fi dacewa da mai sayar da ƙusa ko sabulun wanki.

Abin da bai sayu ba, murhu da gona suna so. Na murhu, yayyaga takardar ka jiƙa kwana biyu zuwa uku, har ta yi laushin da za ka murtsuke ta da yatsa. Daka ta a tsohon turmi, ba na abinci ba. Gauraya da ɓuntun shinkafa, wanda a yankin Kura da Haɗeja tsibi-tsibi yake a bakin injin, ko garin katako daga wajen kafinta. Fara da rabi da rabi. In ka dunƙula a hannu ya wargaje, ƙara takarda, don ita ce ke riƙewa. Sami babban gwangwanin tumatir, ka huda gindinsa da gefensa da ƙusa, ka tsayar da guntun sanda a tsakiya, ka cika, ka danne da ƙarfi har ruwan ya tsiyaye. Zare sandar ka kife. Ramin tsakiyar nan shi ke sa iska ta ratsa, ya bushe da wuri, ya kuma kama wuta sosai. Shanya a rana kana juyawa har ya yi sakayau a hannu. Aikin rani ne wannan, da damina wahala kawai za ka sha. Bai kai gawayi zafi ba kuma ya fi shi toka, amma yana rage itace wajen dafa ruwa ko ɗumame. A yi girkin a fili, kuma kada a sa fastoci masu sheƙi a ciki.

Na gona ya fi sauƙi. Yayyaga kwali marar fenti, ka jiƙa, ka riƙa shimfiɗa shi hawa-hawa da kashin awaki ko na shanu a ramin taki. Takarda ita kaɗai ba ta ruɓewa da wuri, sai da kashin dabbobi da danshi. In kana da dashen mangwaro ko gwaiba, shimfiɗa kwali a kewayensa ka danne da ƙasa, zai riƙe laima ya hana ciyawa. Ka bar tazarar taƙi guda tsakaninsa da gindin bishiyar, kuma ka riƙa ɗagawa duk mako kana duba gara.