Yadda ake mayar da tambayar falsafa jerin kiɗan piyano

Da farko na zaɓi jigo mai faɗi: "lokaci". Wata biyu ina danna maɓallai, abin da ya fito kiɗa ne mai sanyi wanda kowane suna ka laƙaba masa zai karɓa. Sai na gane jigon falsafa ba ya shiga yatsu sai an mayar da shi doka da hannu zai bi.

Don haka ka nemi tambaya mai ƙashi a jiki. Ni na ɗauki ta Girkawan dā kan jirgin ruwan Theseus, wani jarumi a tatsuniyoyinsu: idan ana cire katakonsa ɗaya bayan ɗaya ana sa sabo, har na asali ya ƙare, shi ne jirgin ko wani ne daban? Na tsara ɗan kari mai sauti 5: mi, so, la, do, re. Dokata ɗaya ce, kowane yanki na jerin kiɗan ya musanya sauti guda. Kafin yanki na 6, babu na asali ko ɗaya.

A nan aikin yake. Kunne yana riƙe tafiyar bugu, saboda haka ka bar bugun yadda yake: gajere, gajere, dogo, gajere, dogo. A yanki na 4 na yi zumuɗi na canza duka biyun. Wata abokiyar karatuna ta saurara, ta ce, "Wannan kuma daga ina?" Jirgin ya nutse tun ba a kai ko'ina ba. Na mayar da bugun, sauran kuwa na sake su son raina: wani yankin a hankali can ƙasa wurin manyan sautuka, wani da sauri a sama.

Yanki na 7 daga masanin falsafa Thomas Hobbes na aro shi, wanda ya ƙara da cewa a ɗauka wani ya tara tsofaffin katakon ya haɗa jirgi na biyu. Hannun hagu ya buga tsohon karin, na dama sabon, lokaci guda. Suna karo, kuma ban sasanta su ba. Kada ka taka feda, wato abin takawa da ke sa sauti ya daɗe yana amo, a irin wannan wuri, za ta dama komai.

Ka taƙaita. Cikin gajerun kiɗa 24 da mai tsara kiɗan piyano Chopin ya fitar a 1839, akwai wanda bai kai minti ɗaya ba. Nawa babu wanda ya wuce minti biyu. Ka ɗauki duka a waya, ka saurara a zama ɗaya, ka lura da yadda sautin ƙarshe na wani yanki ke miƙa hannu ga farkon na gaba. Masu jan jiki biyu a jere suna sa gyangyaɗi.

Suna kuwa, wani mai tsara kiɗa, Debussy, a jerin kiɗansa na Préludes ya riƙa rubuta nasa a ƙarshen kowane yanki, ba a sama ba. Ni lamba kawai na sa, 1 zuwa 7, sai a ƙasan shafin ƙarshe na rubuta kalmar "jirgi" da fensir.