Kurakuran da ƙananan birane ke yi wajen tsara hanyoyinsu na gobe, da yadda za a gyara

Garin da ke da mutum dubu 80, idan jama'arsa na ƙaruwa da kashi 4 cikin 100 kowace shekara, cikin shekara 18 zai ninka. Wato jaririn da aka haifa bana, kafin ya gama sakandare garin da ya buɗi ido a cikinsa ya zama biyu. Faɗin ƙasar da garin zai ci kuwa yakan wuce ninki, domin birane sun fi saurin bazuwa a kan yadda mutanensu ke ƙaruwa. Duk da haka, a yawancin ƙananan birane ba a tuna da maganar hanya sai ranar da babban titi ya cushe, kuma a ranar abin da ya rage na zaɓi kaɗan ne, ga tsada.

Kuskuren da ya fi kowanne ciwo shi ne a ce sai an samu kuɗin kwalta za a yi maganar titi. Kwalta tana iya jira shekara goma, ba abin da zai same ta. Filin da titin zai bi ne ba ya jira. Yau gona ce a bayan gari, gobe an yanka ta fuloti-fuloti, jibi an kafa tubali, kuma kowane mai fili yana tura katangarsa har iyakar abin da ya saya, ba wanda zai bar mita 30 saboda titin da ba a ambata masa ba. Bayan shekara goma sha biyar, idan hukuma ta farga unguwar tana bukatar babbar hanya, sai rusau da diyya da shari'a. Kuɗin da da zai sayi filin titi na kilomita da yawa tun yana gona, yanzu 'yan gidaje kaɗan zai biya. Sau da yawa ma akan haƙura, unguwa ta zauna har abada da lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga.

Gyaran ba ya bukatar injin ko ɗaya. A ɗauki taswirar garin, a ƙiyasta inda zai kai nan da shekara 30, a ja layukan manyan hanyoyi a kan gonaki da dajin da ke kewaye, a biya masu ƙasa tun tana arha, a kafa turaku, a sa a doka. Shlomo Angel, masanin tsara birane na Jami'ar New York, ya daɗe yana kira a kan wannan: manyan hanyoyi masu faɗin mita 30, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kilomita ɗaya, a tsaye da a kwance. Hikimar kilomita ɗayan ita ce ba gidan da zai yi nisan da ya wuce mita 500 daga hanyar da motar haya za ta bi, tafiyar da ko tsoho zai yi da ƙafa. Daga 2013 an gwada tsarin a biranen Habasha irin su Hawassa da Adama da Bahir Dar da Mekele, da kuma Valledupar a Kolombiya, inda aka dasa itatuwa a gefen hanyoyin da ba a riga an gina ba don kowa ya ga iyaka. Dabarar ma tsohuwa ce. A 1811, lokacin da mutanen New York ba su cika dubu 100 ba, aka zana titunan tsibirin Manhattan a kan gonaki da duwatsu, aka bi su ana kafa alamomi. An ɗauki shekaru da dama kafin gini ya cim ma wasunsu, amma da ya iso ya tarar da hanya na jiransa. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba da shawarar a bar wa tituna aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar gari. Wanda ya ga adadin ya yi yawa, ya shiga unguwar da aka gina ba tsari ya ga yadda ake fito da mara lafiya.

Turaku kaɗai ba sa tsare fili. Dole a samu ofishin da aikinsa ne ya riƙa zagayawa, ya tsayar da gini tun yana harsashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗaki ɗaya da aka ƙyale a tsakiyar filin hanya, shi ke jawo ɗari.

Daga nan sai kuskuren da kusan kowane gari ke faɗawa da zuciya ɗaya: titi ya cushe, a faɗaɗa shi. A ido abin daidai ne, kuma a shekarar farko kowa na sa albarka. Amma sabon fili a kan titi yana kiran sababbin motoci. Wanda da yake sammako don gudun cunkoso ya daina, wanda ke shiga bas ya fito da motarsa, mai neman fili ya saya can nesa tunda hanya ta yi sauƙi. A Houston ta Amurka an kammala faɗaɗa babbar hanyar Katy a 2008 da kusan dala biliyan 2.8, har wasu wurare suka kai layi 26 idan aka haɗa da na gefe. Tsakanin 2011 da 2014 lokacin da tafiyar safe ke ci ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, na yamma kuwa da fiye da rabi. Masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun nuna a 2011 cewa a biranen Amurka yawan tuƙi yana ƙaruwa kusan daidai da yawan manyan hanyoyin da aka ƙara. Birnin Seoul kuwa ya yi akasin haka: tsakanin 2003 da 2005 ya rushe wata doguwar gadar sama da ta ratsa tsakiyarsa, ya tono rafin Cheonggyecheon da aka binne ƙarƙashinta, ya gyara tsarin bas, kuma cunkoson da aka yi ta tsoro bai tsayar da birnin ba.

Ba ina cewa kada a taɓa faɗaɗa titi ba ne. Sai dai a ƙaramin birni ciwon ba kasafai yake a faɗin titin ba. Je ka tsaya a bakin babban titi da yamma ka duba da kyau. Za ka ga uwa ta ɗauko yara daga makaranta, gidanta na bayan makarantar da 'yan mitoci, amma sai ta fito babban titi, ta yi kwana, ta sake shiga, saboda babu hanyar da ta haɗa unguwannin biyu ta ciki. Za ka ga sabuwar rukunin gidaje ɗari uku masu ƙofa ɗaya tak, duk suna zubowa a mahaɗa ɗaya. Garin yana da titi guda ne, kowa kuma dole ya bi ta kansa. Maganin shi ne ƙananan hanyoyi masu yawa da ke haɗe da juna, da sharaɗin cewa duk wanda zai yanka filaye ya bar hanyoyin da za su zarce zuwa filin maƙwabcinsa. Sai kuma gyaran mahaɗa, domin a nan motoci ke tsayawa: shataletale mai kyau, ko fitilar ba da hannu da aka daidaita lokacinta, sukan yi abin da ƙarin layi biyu ba zai yi ba.

Tushen wannan kuskure yana cikin abin da ake ƙirgawa. Ana tura ma'aikata su ƙirga motoci, sai a tsara gari saboda motoci, alhali mutane ne ke son zuwa kasuwa da asibiti da wurin aiki. Ƙungiyar jami'an sufurin biranen Amurka, NACTO, ta ƙiyasta cewa layi ɗaya na titi yana ɗaukar mutum 600 zuwa 1,600 a awa idan ƙananan motoci ke binsa, 4,000 zuwa 8,000 idan aka keɓe shi ga bas, kusan 9,000 kuma idan hanyar masu tafiya a ƙasa ce. A ƙirga mutane: nawa ke tafiya a ƙasa, nawa a keke ko babur, nawa a motar haya, daga ina zuwa ina, da wane lokaci. A tambayi mata da ɗalibai da tsofaffi da masu nakasa, domin tafiyarsu ba irin ta ma'aikacin da ke fita da safe ya dawo da yamma ba ce. A gari ƙarami yawancin tafiye-tafiye gajeru ne, kuma wannan wata ni'ima ce da manyan birane suka rasa suke kashe dukiya don su dawo da ita.

Akwai kuma raba ofishin filaye da ofishin hanyoyi kamar ba gari ɗaya suke yi wa aiki ba. Wannan ya ba da izinin gina babban asibiti ko kasuwa ko jami'a can bayan gari saboda fili na arha, wancan kuma ya wayi gari da dubban mutane masu neman hanyar zuwa wurin. Arhar filin, jama'a ce za ta biya ta da kuɗin mota kullum har tsawon rayuwar ginin. Curitiba ta Brazil ta yi suna da bas ɗinta masu hanyar kansu da ta fara a 1974 zamanin magajin gari Jaime Lerner, amma abin da masu kwaikwayo kan manta shi ne dokar gini da ta zo tare da su: dogayen gine-gine da shaguna a bakin hanyar bas, ƙananan gidaje a can baya. Fasinja na nan a inda motar ke bi. Haka titin kewaye: ana gina shi don manyan motoci su daina ratsa gari, sai a bar kowa ya buɗe shago da gidan mai da ƙofarsa a kansa, cikin shekara goma ya zama wani babban titin mai cunkoso, a fara maganar kewaye na biyu. Tun ranar farko a ƙayyade wuraren shiga da fita, shaguna su koma kan ƙaramar hanya ta gefe.

Son aikin da za a gani daga nesa shi ma yana cin ƙananan birane. Gadar sama da jirgin ƙasa na cikin gari suna da kyau a hoto. Binciken da Bent Flyvbjerg da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 a kan ayyuka 210 a ƙasashe 14 ya gano cewa a tara cikin goma na ayyukan jirgin ƙasa an zuzuta yawan fasinjojin da ake sa rai. Gari mai mutum dubu 100 ya fara da bas da ke zuwa a kan kari, da tashoshi masu inuwa, da hanyoyi kaɗan da mota ke wucewa akai-akai maimakon hanyoyi barkatai da ake jira awa guda. A bar fili a tsakiyar manyan hanyoyi. Ranar da jama'a suka kai, layin bas ko dogo zai samu wurin zama ba tare da an rushe gidan kowa ba.

Sai gyara, wanda ba a yanka masa ƙyallen bikin buɗewa, shi ya sa ake mantawa da shi a kasafin kuɗi. Duk kilomita ɗaya da aka shimfiɗa bashi ne da za a riƙa biya kowace shekara. Rahoton Bankin Duniya na 1988 ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45, asarar da gyaran dala biliyan 12 a kan lokaci zai hana. Abu biyu ke kashe titi, ruwa da nauyi. Tsaga ƙarama ce ke fara bari ruwa ya shiga ƙarƙashin kwalta, ƙasa ta yi laushi, taya ta danna, rami ya buɗe. Titin da aka yi ba magudanar ruwa, ko aka bar magudanarsa ta toshe, an riga an rage masa kwana. Game da nauyi, gwajin da aka yi a jihar Illinois tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan gatarin mota, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa titi takan ninka kusan sau 16. Tirela ɗaya da aka yi wa lodi fiye da ƙima ta fi dubban ƙananan motoci lahani. Don haka a ware wa manyan motoci hanyarsu da aka gina da ƙarfinta, a samar musu da wurin tsayawa da sauke kaya, kuma kada majalisar gari ta amince da sabon titi sai an nuna mata inda kuɗin gyaransa na shekara 20 zai fito.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar mutuwar mutane a kan titi kamar ba ta cikin tsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, da ya ratsa gaban makaranta, shi da kansa yake ce wa direba ya taka, ko da an kafa allon gargaɗi goma. Mutumin da mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa yakan rayu a mafi yawan lokuta. A gudun 60 kuwa labari ya sha bamban. Suwidin ta kafa tsarinta a 1997 a kan cewa ɗan Adam zai yi kuskure, saboda haka a gina hanya yadda kuskurensa ba zai zama ajalinsa ba. Pontevedra ta Sifaniya, gari mai mutum kusan dubu 80, ta fara mayar da tsakiyarta ga masu tafiya a ƙasa a 1999, ta rage gudu zuwa 30, ta kuma shafe shekaru ba a rasa rai a titunanta na cikin gari ba. Aikin ba mai tsada ba ne: hanyar ƙafa mai faɗi da ba ta yankewa, wurin tsallaka titi da aka ɗaga, tsibiri a tsakiya inda mai tsallakawa zai tsaya, fitila da dare, da itatuwan inuwa.

Maganar wurin ajiye mota gajeriya ce. Mota tana kwashe kusan kashi 95 cikin 100 na rayuwarta a tsaye, kuma kowace tana cin fili daidai da ƙaramin ɗaki biyu idan aka haɗa da hanyar shiga. Tilasta wa kowane gini ya tanadi makeken fili yana nesanta gine-gine da juna, ya tsawaita tafiya. A inda ake rububin wuri a sa kuɗi kaɗan da iyakar lokaci, a zuba abin da aka tara a gyaran titunan wurin.

Duk wannan na iya zama a rubuce cikin kundi mai kyau, a ajiye shi a durowa, sabuwar gwamnati ta zo ta ɗauko wasu masana su rubuta wani. Tsarin shekara 30 zai ratsa hannun shugabanni da yawa, don haka layukan hanyoyin su shiga doka, taswirar ta kasance a bango inda mai sayen fili zai gani kafin ya biya. Hasashe kuma yakan kuskure, saboda haka a riƙa duba tsarin duk bayan shekara biyar da sabon ƙidayar mutane da tafiye-tafiyensu. Ya fi kyau a ɗaura kowane aiki a kan alama maimakon shekara: idan gidajen wannan yanki suka kai adadi kaza za a zuba tsakuwa a hanyarsa, idan suka kai kaza a yi kwalta da magudana, idan fasinjojin wannan layi suka kai kaza a keɓe wa bas hanyarsa. Da haka, ko garin ya yi sauri ko ya yi jinkiri, kowane shugaba da ya zo zai tarar da aikin da ke gabansa a rubuce, da filin yinsa a ajiye.